Zaren da Ya Fi Ƙarfin Keken Maman Jesse

Shekara ashirin da shida Malama Hilda, wadda aka fi sani da Maman Jesse, take ɗinka ankon zumuntar matan cocinsu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa zama an yi shawarar wa za a ba ɗinkin ba. Da an sayo atamfa sai a ɗora wa ɗan acaba, a ce masa, "Hammadu Kafi, gidan Maman Jesse, mai dogonyaro a tsakar gida." Magana ta ƙare.

Sai bana, da zumunta ta yi sabuwar shugaba. Jacinta sunanta, ma'aikaciyar jinya ce, irin matan nan da ke ɗaura agogo kuma su riƙa duba shi da gaske. Ba ta da mugun nufi, wannan kam a faɗi gaskiya. Amma mutum mai kyakkyawar niyya da agogo a hannu ya fi kowa wuyar sha'ani.

"Mama, ba wai ɗinkinki ba shi da kyau ba ne," in ji Jacinta bayan an tashi daga sujada. "Riga ashirin da huɗu ce, ga taron gunduma a Kaltungo ya matso. Akwai Desmond a Bolari, kekensa na lantarki ne, kwana uku ya gama."

"Desmond?" Maman Jesse ta gyara zaman tabarau. "Desmond ɗin da na koyar a aji ɗaya, yana share majina da hannun riga? Shi ne zai ɗinka wa iyayensa hannun riga yanzu?"

Aka yi dariya, amma Jacinta ba ta saki maganar ba. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ranar Asabar ta jajibirin taro, ƙarfe huɗu na yamma, kwamiti zai zo karɓar kaya. In an gama, to. In ba a gama ba, ragowar ta tafi Bolari, kuma daga bana ɗinkin ya koma can.

Maman Jesse ta dawo gida ranta a jagule, domin ita ta san abin da ake shirin ƙwace mata. Jesse, ɗanta na fari, yana Abuja. 'Yan matan biyu sun yi aure, ɗaya Jos, ɗaya Yola. Maigidan kuwa, Dattijo Isaiah, tun da ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka ya auri rediyo ya tare da ita a gindin dogonyaro. Hirarsu ta yini ba ta wuce "Abinci ya yi?" da "Ya yi." Lokacin anko ne kaɗai gidan ke cika, mata na shiga da fita, ana awo, ana gardamar wa ta ƙara ƙiba, ana shan kunun gyaɗa. In wannan ya tafi Bolari, ba mai sake buga mata ƙofa sai Kirsimeti. Abin yana ba ta tsoro ƙwarai, ko da yake ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Kekenta baƙin ƙarfe ne mai tafiya da ƙafa, zanen ruwan zinariyar da ke jikinsa duk ya koɗe. Ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. A makon farko ta yanke rigunan duka, ta ɗinke shida. Ran Litinin da safe zaren ya ƙare.

Ta tafi babbar kasuwa, rumfar Uchechi, inda take sayen zare da allura shekara da shekaru. Uchechi Inyamura ce amma haihuwar Gombe, in tana Hausa a bayan labule ba ka ce ba.

"Kai, Mama, ƙananan sun ƙare tas. Bana kowace coci ruwan goro ta yi. Sai dai kon."

Ta miƙa hannu sama ta sauko da wani ƙaton dunƙulen zare, gindi faffaɗa, kai tsukakke, kamar an kife mazurarin mai sayar da kananzir. Tsawonsa ya kusa taƙi ɗaya da rabi.

"Wannan har jikoki sai ya ɗinke musu. Amma Mama, a gida kina da…"

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake ɗinki," in ji Maman Jesse. Ta cusa shi a jaka ta yi gaba, Uchechi kuma masu saye suka rufe ta.

A saman keken akwai ɗan tsinken ƙarfe da ake zura ƙaramin zare a kai, yana juyawa yana warwara. Tsinken bai fi tsawon yatsa ba. Da Maman Jesse ta ɗora masa kon, sai ya zauna kamar an sa wa jariri hular babansa. Ta ja zare, ta zura a allura, ta taka. Kon ya karkata hagu, ya karkata dama, zare ya ce tas. Ta sake zurawa. Tas. A karo na uku ta taka da fushi, kon ya yi tsalle ya dira ƙasa, ya gangara ya fice ta ƙofar falo, ya ratsa tsakiyar kaji suka watse, bai tsaya ba sai da ya daki ƙafar Dattijo Isaiah a gindin dogonyaro.

Dattijo ya dubi abin, ya bi layin zaren da ido har cikin ɗaki. Ya rage muryar rediyo.

"Maman Jesse, wani abu naki ya fito yawo."

Rabon da ya yi mata magana mai tsawon wannan an kwana biyu.

A nan sai a yi wa mai karatu bayani. Dattijo Isaiah ba injiniya ba ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana tsaron ɗakin ajiyar kaya a ma'aikatar ayyuka, yana miƙa wa injiniyoyi sifana suna sa hannu. Amma zama da su ya sa ya ɗauki tafiyarsu da yadda suke riƙe ƙugu in sun tsaya a kan matsala. Haka ya shigo falo da kon a hannu, ya riƙe ƙugu, ya ce, "Wannan ƙaramin abu ne."

Ya ɗaura fensir a jikin tsinken don ya ƙara tsawo. Fensir ya karye. Ya cusa tsohuwar jarida a cikin ramin kon don ya zauna daram. Ya zauna daram ɗin kuwa, ya ƙi juyawa sam, allura ta lanƙwashe. Ya zura shi a muciya ya gitta a kan kujeru biyu. Nan kuma ya juya fiye da yadda aka roƙe shi, ko ta tsaya da takawa shi bai tsaya ba, sai da ya zubar da zare tuli guda a ƙasa, suka ɓata rabin sa'a suna warware harƙiya. Ta gwada naɗe shi da hannu a kan tsohon kwarkwaro, ta ga kafin ta cika ɗaya rana ta yi tsaka, ga riga goma sha takwas na jira.

"Baban Jesse, don Allah koma wurin rediyonka."

"Tsaya tukuna."

Ya saka kon a cikin kwanon sha ya ajiye a ƙasa bayan keken. Ta taka, zaren ya gogi bakin tebur ya tsinke. Ta ƙulla, bakinta na motsi da maganganun da ba su dace da matar dattijon coci ba. Shi kuma ya kama zaren ya ɗaga sama da kansa don ya ga inda yake maƙalewa. Ita ba ta ma lura ba, haushi ya sa ta taka kawai.

Keke ya ɗauka. Ya tafi sumul, ƙararsa na fita daidai kamar lokacin ƙuruciyarsa, zaren na tashi daga kan kon yana bi ta tsakanin yatsun Dattijo yana gangarowa, kon ɗin kuwa ko motsi bai yi ba. Ta ɗinke gefen riga guda ba tsayawa. Dattijo ya sauke hannu zai sosa ƙeya. Tas.

Suka dubi juna.

"Mayar da hannunka," in ji ta.

Ya mayar. Keke ya tafi.

"Kada ka motsa."

"Na gane shi," in ji Dattijo, hannu a sama, murya irin ta injiniyoyi. "Shi wannan ba ya son a juya shi. So yake ya zauna abinsa, a ja shi ta sama kamar hayaƙi. Bari in haɗa miki wani abu."

Ya ɗauki filaya da waya ya shige ɗakin ajiya. Ta ji ƙwanƙwasa, ta ji goge-goge, kusan sa'a guda. Sai ga shi ya fito hannu rabbana, yana kakkaɓe wando.

"Ƙarfe ba zai yi ba. Yana cin zare. Sai dai hannu."

Ta yi tsaki, ta ce dama ta san za a rina. Shi kuwa ya kafa sharaɗi guda: a kulle ƙofar gida. Shi dattijo ne a ikilisiya, shi ne shugaban kwamitin gini, ba zai yiwu a gan shi yana riƙe wa mace zare ba.

Haka aka shiga aiki. Ya jawo doguwar kujera ya zauna a bayan keken, ya haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe, zare na bi ta ciki. In dama ta gaji ya ba hagu. Rediyo ba ta jiyuwa saboda ƙarar keke, dole aka kashe ta. To mutumin da ya saba kunnensa na cike, in aka kashe masa rediyo, bakinsa ne ke buɗewa.

Da ƙorafi ya fara. Kafaɗa, zafin Gombe, kujera mai tauri. Daga nan ya koma kan rigunan.

"Wannan ta mutum ɗaya ce?"

"Ta Maman Hillary ce."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Na zaci rumfar taron ce."

"Baban Jesse, ka ji tsoron Allah!" Amma ta yi dariya har ɗinki ya karkace, sai da ta farke.

Ran Laraba ya ba ta labarin yadda ya kawo keken nan daga Jos shekarar aurensu, a bayan motar dankali. Motar ta lalace a Alkaleri, ya yini zaune a kan akwatin keken, ko fitsari ya ƙi zuwa don kada a sace. Ba ta taɓa jin wannan ba. Ran Alhamis ya ce yana da abin da zai faɗa, ya daɗe yana cin sa: keken ba sabo ba ne kamar yadda ya gaya mata a lokacin, na hannu ne, wurin wata tsohuwar nas ya saya.

"Na sani," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Ranar da ka kawo shi na tarar da maɓallan rigar asibiti a cikin aljihun tebur."

"Shekara arba'in ba ki faɗa ba?"

"Kai ka faɗa?"

Ya yi dariya har hannunsa ya sauka, zare ya tsinke, kuma a karon farko ba ta yi faɗa ba.

Sai dai hannun tsoho hannun tsoho ne. Kowane minti ashirin sai an huta, sai an shafa man zafi. Ran Juma'a da hantsi saura riga shida, Maman Jesse ta lissafa ta ga abin zai yi wuya ƙwarai. Tana cikin wannan tunani aka buga ƙofa. Dattijo ya yi wuf ya shige uwar ɗaka da kwalbar man zafinsa.

Uchechi ce, ta sauko daga napep tana haki, riƙe da wani abu a leda.

"Mama, tun ran Litinin hankalina bai kwanta ba. Abin da nake so in tambaye ki ke nan kika tafi. Shi kon ba a ɗora shi a kan keken gida. Ga abin da ake sa shi."

Wani ɗan faifai ne mai nauyi, da tsinke a tsakiya inda kon zai zauna, da dogon siririn ƙarfe a gefe mai lanƙwasa a sama kamar ƙugiya. Ko yaro ya gani ya san aikinsa. Hannun Baban Jesse ne sak, sai dai shi ba ya gajiya, ba ya neman man zafi.

Ta yi godiya, ta sa wa Uchechi albarka, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ta tsaya a zaure da abin a hannu. Da wannan, kafin faɗuwar rana ta gama riga shidan nan har ta yi guga. Desmond ya ci kansa.

"Maman Jesse!" Muryar Dattijo ta fito daga falo. "Baƙuwar ta tafi? Zo mu ci gaba, hutu ya ƙare. Ban ƙarasa miki labarin ranar da na je gaishe da babanki akuya ta cinye mini hula ba."

Ta dubi ƙarfen. Ta dubi ƙofar falo. Ita malamar makaranta ce, ta san wauta in ta gan ta, kuma ta san abin da za ta yi yanzu wauta ce tsantsa. Ta lallaɓa ɗakin ajiya, ta tura ledar bayan buhun masara ba tare da ta ko leƙa ba, ta fito tana gyara ɗaurin zane.

"Wace ce?"

"Mai tallan manja."

Ran Asabar kafaɗar Dattijo ta ƙi ɗaguwa gaba ɗaya. Amma injiniya ba ya rasa dabara. Ya ce ai ba dole hannu ya hau sama ba, mutum ma yana iya hawa. Ya jawo benci ya haye ya tsaya, hannunsa a daidai ƙugu, zare na bi ta yatsunsa. Zafi ya sa ya tuɓe riga, daga shi sai singileti da gajeren wando, da tawul a wuya.

Ƙarfe uku da rabi suna kan rigar ƙarshe, saura hannu ɗaya da kalmasa. Mai ruwa ya shigo da safe ya fita, ba wanda ya tuna ya mayar da sakata. Jacinta kuwa, mai agogo, a wurinta ƙarfe huɗu na nufin uku da rabi.

"Salama alaikum, Mama, mun iso!"

Mata bakwai suka yaye labule suka shigo. Suka tsaya cak. Ga shugaban kwamitin gini, mutumin da in ya yi gyaran murya a coci yara ke nutsuwa, tsaye a kan benci da ƙwaurinsa a waje, ya ɗage ƙaramin yatsa yana riƙe da zare kamar amarya na riƙe da kofin shayi.

"Ina… ina wuni, Baba," in ji Jacinta.

Ƙafar Maman Jesse ta tsaya a kan mataki. Ta ga idon mijinta ya tafi ga ƙofar uwar ɗaka, taku uku kacal. Ta san in ya sauka ba zai sake fitowa ba sai mata sun tafi, rigar kuma ba za ta kammalu ba. Tausayinsa ya kama ta, har ta buɗe baki za ta ce ya je abinsa.

"Maman Jesse," in ji Dattijo, "wa ya ce ki tsaya?" Ya juya ga matan da muryar da yake sanarwa a coci. "Lafiya lau. Ku sami wuri ku zauna. Kada wadda ta taɓa zaren nan."

Suka zauna a jere kamar 'yan aji ɗaya. Maman Hillary ta cusa bakin gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Wata ta zaro waya, Jacinta ta danne mata hannu. Keke ya ɗauka, ba abin da ake ji sai ƙararsa. Ƙarfe huɗu saura minti biyar Maman Jesse ta yanke zare da haƙori, ta kakkaɓe rigar, ta ɗora a kan 'yan uwanta.

"Ashirin da huɗu. Ƙirga."

Sai a lokacin dariyar ta ɓalle, har da masu faɗuwa a kan juna, har da guɗa. Dattijo ya sauko daga benci da taimakon mata biyu, yana cewa a yi a hankali da kafaɗar. Jacinta ta juya riguna ciki da waje tana duba ɗinki, ta share hawayen dariya.

"Mama, na janye maganata. Desmond ba shi da irin wannan na'ura. Ɗinki yana nan inda yake." Ta matsa ta taɓa kafaɗar Dattijo irin ta masu jinya. "Amma Baba, kun wahalar da kanku. Ai akwai wani ɗan ƙarfe da teloli ke…"

"Yana cin zare," in ji Dattijo da Maman Jesse a tare.

Bayan an sha kunu an watse da kaya, Maman Jesse ta tuna da ledar Uchechi. Masarar ta kusa ƙarewa, in aka ɗaga buhun asirinta zai tonu. Ta shiga ɗakin ajiya don ta sake mata maɓoya, ta zura hannu bayan buhu. Hannunta ya taɓa leda, ya kuma taɓa wani abu.

Ta jawo shi. Guntun katako ne, an kafa masa ƙusa a tsakiya, a gefe kuma doguwar waya a tsaye, an lanƙwasa kanta an goge ta har tana santsi. A cikin lanƙwasar akwai ɗan guntun zare ruwan goro, na gwaji. Ta ja zaren, ya bi ta ciki sumul, ko gezau. Tun ran Litinin ke nan Dattijo ya ƙera shi ya ɓoye.

Ta daɗe a tsaye a wurin. Daɗi ya cika mata ciki har ya zama hawaye, ta bar su suka zubo, ta kuma ce, "Tsohon maƙaryaci," a hankali. Sa'an nan ta jera su biyun gefe da gefe, ta ja buhu ta rufe.

Yana gindin dogonyaro, rediyo a cinya, bai kunna ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Baban Jesse, labulen falon nan sun tsufa."

"Na lura," in ji shi, yana murza kafaɗa. "Zaren ma ai da saura da yawa."